Hijir Ba Wurin Taron Yuyuyu Ba Ne

Mun bar Madina ana idar da sallar asuba, mu shida cikin mota ɗaya, muka miƙa arewa. Hijir muka nufa, kusa da garin Al-Ula. Tsakanin Madina da Al-Ula sama da kilomita 300 ne, tafiyar wajen awa huɗu. Ba mu yi nisa ba dattijon da ke cikinmu, wanda duk muke kira Baba, ya ajiye carbinsa a cinya ya dube ni ya ce, "Malam, tun jiya abin nan yake damuna. Yanzu wurin da Allah Ya halaka mutane ne za mu biya kuɗi mu je kallo?" Motar ta yi tsit. Ban ba shi amsa nan take ba, don ni ma da tambayar na kwana.

Tambayar Baba ta wuce ta mutum ɗaya. A shekarar 2017 gwamnatin Saudiyya ta kafa hukuma ta musamman don raya Al-Ula, a watan Satumbar 2019 ta buɗe bizar yawon buɗe ido, yanzu kuma mai bizar Umara ma yana iya zagaya sassan ƙasar. Hotunan jajayen duwatsun nan sun cika wayoyinmu, kuma masu kamfanonin jigilar Umara na wajenmu sun fara leƙa wurin. Ba da jimawa ba za a riƙa yi wa mutanenmu tallarsa kamar yadda ake tallar zuwa gonar dabino. Shi ya sa nake son faɗin ra'ayina tun abin bai yi nisa ba: wanda zai je Hijir, ya je cikin mutane kaɗan, tare da ɗan jagora masani, ya je a natse, ya fito da wuri. Wanda kuma bai sami haka ba, zamansa a Madina ya fi masa alheri.

Mu fara da abin da ya dami Baba, domin damuwarsa tana da tushe. Hijir, wanda aka fi sani da Mada'in Salih, yana da nisan kilomita kusan 20 arewa da garin Al-Ula. Akwai sura guda a Alƙur'ani mai ɗauke da sunansa, inda aka ba da labarin mutanen da suke sassaƙa gidaje a jikin duwatsu suna ganin sun tsira, tsawa ta kama su da safe. Kowane ɗan makarantar allo ya san labarin Samudawa da Annabi Salihu da taguwar da suka soke. A shekara ta 9 bayan hijira kuma, a hanyar yaƙin Tabuka, Manzon Allah (SAW) ya bi ta wurin da sahabbansa. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim: ya hana a shiga wuraren waɗanda aka azabtar sai dai in ana kuka, ya lulluɓe kansa, ya ƙara sauri har ya wuce kwarin. Ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyin wurin ya sa aka zubar, ƙullin da aka kwaɓa da shi aka ba raƙuma, ya ce a sha daga rijiyar da taguwar take sha.

Wanda ya karanta wannan ya ce shi ƙafarsa ba za ta taka wurin ba, ba ni da ja da shi, kuma ina girmama shi. Amma hanin yana da togiya a cikinsa, wato "sai dai in kuna kuka". Alƙur'anin da ya ba da labarin halakar shi ne kuma ya maimaita a wurare da dama cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen na baya ya kasance. Daga nan ne malamai da yawa suka rarrabe tsakanin zuwa don ɗaukar izina da zuwa don shagali. Ni inda hankalina ya tsaya shi ne wani abu da ba a cika faɗa ba. Izina da shagali ba a bakin ƙofa ake raba su ba, tikiti iri ɗaya kowa yake yanka. Abin da ke raba su shi ne halin da zuciya take ciki, halin zuciya kuwa yana bin yanayin tafiya: ku nawa ne, wa ke yi muku bayani, akwai shiru ko babu, ana kora ku ko ana barin ku ku tsaya.

Duk wanda ya taɓa yin Hajji ko Umara ya san irin ziyarar da ake kai mu a Madina. A loda mutum hamsin a bas, wani ya riƙe lasifika yana magana, na baya ba sa ji, na gaba suna waya da gida. A tafiyata ta farko an sauke mu a Uhudu aka ce minti ashirin. Minti biyar suka tafi wajen sauka, wasu suka nufi 'yan tireda, wasu suka haye tudun maharba suna ɗaga waya sama. Wata Hajiya da ke kusa da ni ta tambayi yaron ejan ɗinmu a ina Sayyidina Hamza yake kwance, ya nuna mata da baki yana ƙirga kawuna. Kafin ta gama sallama ga shahidai an fara danna oda. Daga nan aka zarce da mu shagon dabino, can kuwa aka ba mu kusan awa guda. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin matar nan ta yi shekaru tana tara kuɗin wannan tafiya, kuma tambaya ɗaya tak ta yi.

To, ɗauki wannan bas ɗin da lasifikarsa da odarsa ka kai shi Hijir. Wa zai yi kuka? Wa zai ma tuna inda yake?

Hantsi ya ɗaga muka shiga kwarin Al-Ula. Abin da ya fara cika mini ido shi ne launi. Duwatsun ja ne, amma ba ja iri ɗaya ba: wani kamar jan ƙasar da ake yaɓe da ita, wani kamar garin barkono, wani ya koma ruwan zuma inda rana ta bugi gefensa. A ƙasansu kuma gonakin dabino kore shar, da lemo a ƙarƙashin inuwar dabinon. Ba a barin kowa ya shiga Hijir da motarsa ya yi ta yawo. Ana ajiye mota a waje, a shiga da motocin wurin, ko dai bas na hukuma ko tsofaffin Land Rover buɗaɗɗu masu ɗaukar mutane kaɗan. Mun haɗa kuɗi muka ɗauki ƙaramar, aka haɗa mu da ɗan jagora. Rawi suke kiran masu wannan aiki, wato mai ba da labari, kuma 'yan garin ne, maza da mata, da aka horar. Namu saurayi ne siriri mai sanyin murya. A cikinmu akwai ɗalibi ɗan Katsina da ke karatu a Madina, shi ya zama tafintanmu.

Wurin da ba zan manta ba shi ne Ƙasrul Farid. Dutse ne guda ɗaya tilo a tsakiyar rairayi, babu wani kusa da shi, an sassaƙe fuskarsa ɗaya ta zama kamar ƙofar fada, tsayinta kusan mita 22. Muna tsaye a gabansa babu mai magana, sai iska. Baba ya daɗe yana kallon sama, can ya ce da ɗalibin, "Ɗana, tambaye shi, da wane irin tsani suka hau can?" Rawin ya yi murmushi, ya ce mu matso mu dubi ƙasan. Sama sumul yake, an goge, ga matakala biyar-biyar dama da hagu, ga ginshiƙai huɗu a jere. Amma ƙasan gaba ɗaya kaushi ne, sawun kurfi yana nan raɗau kamar jiya aka ɗaga hannu. Ya ce daga sama suke farawa su gangaro, dutsen da ba su kai ga sarewa ba shi ne abin takawarsu. Wannan kuwa ba a gama shi ba. An yi shi ne don wani mai suna Lihyan ɗan Kuza, aiki ya tsaya kafin a kai ƙasa.

Baba ya sunkuya, ya kai fuskarsa kusa da sawun kurfin ba tare da ya taɓa ba. Ya ce, "Ikon Allah. Mai gidan ya tafi, magini ya tafi, aikin yana jiransu." Sai na ga yana share ido da gefen hiraminsa. Babu wanda ya yi masa wa'azi. Tambaya ya yi, aka sami mai ba shi amsa, aka kuma bar shi ya tsaya. Da a cikin hamsin yake, da tambayar tsanin nan ta mutu a bakinsa, da ya koma gida da hoto kawai.

Ɗan jagora na kirki yana kuma gyara maka abin da ka zo da shi a ka. Mu mun zo da tunanin gidajen Samudawa za mu gani. Rawin ya bayyana mana cewa waɗannan manyan sassaƙe-sassaƙen kaburbura ne, guda 111 a ƙidayar hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, 94 daga ciki masu ado a fuska, kuma Nabaɗawa ne suka yi su, mutanen da babban birninsu yake Petra a ƙasar Jodan ta yau. Sun yi su ne tsakanin ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa (AS) da ƙarni na ɗaya bayanta, da arzikin da suka tara daga ayarin turaren lubban da ke tasowa daga kudancin Larabawa. A shekarar 106 miladiyya Rumawa suka haɗiye daularsu. Ba zato ake yi ba, rubuce yake a saman ƙofofin: sunan mai kabari, waɗanda aka yarda a binne a ciki, shekarar sarautar sarki, wani lokaci har sunan masassaƙin, da tsinuwa da tarar da za a ci duk wanda ya sayar da kabarin ko ya binne bare. Da yawa daga masu kaburburan mata ne. Ya shigar da mu ɗaya. Waje kamar fada, ciki kuwa ɗaki ne ƙarami mai duhu da ramuka a bango da ƙasa, ko gogewa ba a yi ba.

Wani zai ce to ai ke nan babu abin tsoro, tunda ba Samudawa suka sassaƙa waɗannan ba. Ban yarda ba. Kwarin dai shi ne Hijir, nan ne Manzon Allah (SAW) ya lulluɓe kai ya wuce, kuma al'umma bayan al'umma sun zauna a wurin sun shuɗe. Sanin wanda ya sassaƙa wane dutse bai rage wa wurin nauyi ba. Ni ƙara mini ya yi: ga mutanen da suka zo bayan waɗanda aka halaka, suka mallaki hanyar fatauci, suka haƙa rijiyoyi sama da ɗari a cikin hamada, suka rubuta doka da tara don kada a taɓa ƙasusuwansu, yau ga mu 'yan Afirka ta Yamma muna leƙa ramukan babu kowa a ciki.

Akwai wani abu da ya faɗa da ya sa ɗalibinmu ya tsaya da fassara ya sake tambaya don ya tabbatar. Haruffan Larabci daga rubutun Nabaɗawan nan suka samo asali, kuma a Hijir ɗin akwai rubutun kabari na shekarar 267 miladiyya da harshensa ya kusa zama Larabci tsantsa. Muka ɗaga kai muna kallon layukan da ke saman ƙofa, muna neman abin da ya yi kama da lam ko shin. Wato baƙaƙen da muka koya a allo, waɗanda kakanninmu suka rubuta waƙoƙi da wasiƙu da su a ajami, ga danginsu na nesa a jikin dutse. Ba na jin akwai allon bayani da zai sa mutum ya ji abin da muka ji a lokacin.

Sai dai ba zan ɓoye inda rawin ya gaza ba. Labarin Nabaɗawa ya iya shi kamar ruwa, amma har muka kusa gamawa bai ambaci Annabi Salihu ba sai da Baba ya tambaya. Ya amsa da ladabi, a taƙaice, ya koma kan duwatsu. Na fahimci dalili, baƙinsa daga ko'ina suke zuwa, kuma abin da aka horar da shi a kai ke nan. Amma wannan yana nufin Musulmin da ya je dole ya tafi da nasa guzurin. Mu Allah Ya taimake mu da ɗalibin nan. A Jabal Islib, inda wata siririyar hanya ta ratsa tsakanin duwatsu biyu kusa da wani babban zaure da aka fafe a dutse, muka roƙi a ba mu minti kaɗan. Ya karanta mana ayoyin Suratul Hijr da suka ba da labarin mutanen wurin da murya ƙasa-ƙasa, ya fassara. Rawin ya ja gefe ya jira, direba ya kashe mota. Mutum shida suna iya roƙon wannan a yi musu. Bas mai jadawali ba ya tsayawa don ayoyi biyar.

Su kansu duwatsun suna bukatar a rage musu taro. Dutsen yashi ne, mai taushi, shi ya sa ya sassaƙu da kurfi, shi ya sa kuma iska take cin gindinsa. Abin da ya jure shekara dubu biyu a hamada ba lallai ya jure tafin hannun dubban mutane kullum ba. Mun san halinmu, mun ga yadda ake rubuta sunaye a Jabalur Rahma da kogon Hira. A ƙaramin rukuni ɗan jagora yana ganin hannun kowa. Tun 2008 Hijir ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Saudiyya, kuma hukuma tana burin baƙi miliyan biyu a shekara nan da 2035. Idan za a kai wannan adadi, yadda ake shigar da mutanen shi zai nuna ko jikokinmu za su tarar da sawun kurfin nan.

Akwai wata Al-Ula ta biyu da ba ta kwanta mini ba, kuma gara in faɗa. Ita ce ta Maraya, katafaren ginin nan da aka lulluɓe da madubi, inda shugabannin ƙasashen Gulf suka yi sulhu da Ƙatar a Janairun 2021, inda kuma ake kawo mawaƙan duniya. Ita ce ta kujerun hutawa da kiɗa a gindin Dutsen Giwa, wani dutse mai siffar giwa, da daddare. Na san garin Al-Ula daban, Hijir daban, mutane suna zaune a garin tun fil azal, tsohon garinsu mai gidajen ƙasa wajen 900 sai a shekarun 1980 aka tashi daga cikinsa. Ba na cewa kada ɗan Al-Ula ya ci abinci da baƙi, ai rawinmu da wannan aikin yake riƙe gidansu. Amma tallar da ake yi tana cakuɗa komai wuri guda, kabari da wurin shaƙatawa a shafi ɗaya, har baƙo ya kasa gane inda ya kamata ya sassauta murya. Idan tallar ba ta raba ba, sai mai tafiya da jagoransa su raba.

Magabata sun iya wannan rabewar. Alhazan Sham ɗaruruwan shekaru ta nan suke bi, har Turkawa suka gina musu ganuwa da wurin ruwa, daga baya jirgin ƙasan Hijaz da ya isa Madina a 1908 ya yi tasha a wurin. Ibn Baɗuɗa ya bi ayarin a 1326, ya ba da labarin cewa a Hijir ga ruwa amma mutane ba sa ɗiba duk da ƙishi, don koyi da Manzon Allah (SAW), sai sun isa Al-Ula su sauke kaya su yi kwanaki, su yi wanki, su yi guzuri. Sun san inda ake wucewa da inda ake yada zango, domin ayari ba ya tafiya sai da wanda ya san hanya. Fataken ƙasar Hausa ma haka suke, akwai madugu, akwai jagaba da ke gaba. Da ɗan gari akan ci gari.

Na san abin da za a ce: tsada. Gaskiya ne, ƙaramar mota da rawi naku na kanku sun fi bas kuɗi nesa ba kusa ba, ga kuɗin motar zuwa da dawowa, ga halin da naira take ciki. Akwai kuma tsadar da ta fi ta kuɗi. Yinin da ka ba Al-Ula, salloli ne ka bari a Masallacin Annabi, inda salla ɗaya ta fi dubu a waninsa in ban da Masallacin Harami. Wanda kwana huɗu kacal gare shi a Madina, ban ga dalilin da zai sa ya ba da ɗaya ba. Wannan tafiya ba ta cikin Umara, ba ta cikin ziyarar da aka sunnanta, babu ladan da aka ajiye don taka wurin. Saboda haka maganin tsadar ba shi ne a cika bas don kuɗin ya sauko ba. Abin da ba dole ba ne, in ba za a iya yin sa yadda ya dace ba, barin sa ake yi.

Roƙona ga masu kamfanonin Umara shi ne kada su sa Al-Ula cikin jerin garaɓasar da ake jan kwastoma da ita. Wanda ya nema, a gaya masa gaskiyar wurin tun daga gida, har da hadisin, ya zaɓa da saninsa. A kasa mutane shida-shida ko bakwai-bakwai, kowane rukuni da mai jin Larabci wanda ya san tafsirin ayoyin, ga ɗalibanmu nan birjik a Madina. A je lokacin sanyi, don zafin bazara a can yana haura digiri 40, dattijo ba zai iya tsayuwa ba balle tunani. Kada kuma a haɗa da cin kasuwa a rana ɗaya.

Awa biyu da 'yan mintuna muka yi a ciki. Da za mu fito, direba ya rage gudu a wani wuri da ya ce nan ne hoto ya fi kyau, ya tambaya ko za mu sauka. Muka dubi Baba. Ya jawo hiraminsa ya rufe kansa, ya ce, "A'a ɗana, mun gani. Mu wuce." Sai da muka shiga garin Al-Ula muka yi alwala, muka yi salla, muka ci abinci a inuwar dabino. Mun iso Madina an riga an idar da isha'i, Baba ya ce a sauke shi a bakin Harami, zai taka zuwa masauki daga baya.